Mahaifina ya rasu da ciwon zuciya yana da shekara 54, ni ma jinina ya fara hawa: gyaran abinci kaɗai zai wadatar?

Baban Amira ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da wata tambaya da ta kwana biyu tana ci mini rai, kuma ina fatan waɗanda suke da ilimin abin, ko suka taɓa shiga irin halin da nake ciki, za su taimaka mini da abin da suka sani.

Shekaruna 43. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya rasu yana da shekara 54, kuma rasuwa ce ta farat ɗaya. Ya dawo gida da yamma yana cewa ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse, muka ɗauka gyambon cikinsa ne ya motsa, aka ba shi maganin da ya saba sha, kafin gari ya waye rai ya yi halinsa. Har yau ina ganin yadda gumi ya jiƙe masa riga sharkaf a daren, alhali babu zafi ko kaɗan. Sai daga baya wani likita ya gaya mana cewa duk abin da muka kwatanta masa alamun bugun zuciya ne.

Makonni uku da suka wuce an auna jinina aka samu 148/94. Bayan kwana goma na je asibiti aka sake aunawa, aka samu 146/92. Likitan ya ce in rage gishiri, in rage ƙiba, in riƙa motsa jiki, in dawo bayan wata guda, ya kuma ce mai yiwuwa ne a fara ba ni magani. Mutane sun yi yawa a kan layi, saboda haka ban samu damar yi masa tambayoyin da ke raina ba. Aikina na zama ne daga safe zuwa yamma, nauyina kilo 92, abincin rana a waje nake saye, ba na raba shi da lemon kwalba, kuma ina shan taba, ko da yake na rage ta zuwa kara biyu ko uku a rana. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ni dai ba na jin komai a jikina.

Ina so in sani ko wanda ya gaji wannan ciwo yana da wata dabara da ta rage masa. Ina kuma so in sani ko gyaran abinci da motsa jiki za su iya wadatar da ni ba tare da magani ba, domin na sha jin ana cewa wanda ya fara shan maganin hawan jini ba ya rabuwa da shi har abada. Sannan wani abokin aikina ya ba ni shawarar in riƙa shan asfirin ƙwaya ɗaya kullum don ya tsinka mini jini. Shin wannan shawara tana kan hanya?

Hajiya Nas ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Baban Amira. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Na yi fiye da shekara ashirin ina aikin jinya, mafi yawansu a ɗakin masu ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma maganar da na fi ji daga bakin majinyata ita ce wadda ka faɗa, wato "ai ni ba na jin komai". Hawan jini ba ya yin sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin manyan da ke ɗauke da shi ba su san suna da shi ba, kuma ciwon kai da jirin da mutane ke jira su gani kafin su yarda, sau da yawa ba sa zuwa sai ɓarna ta yi nisa, wasu ma ba sa taɓa zuwa musu.

Bari in kwatanta maka abin da ke faruwa a ciki, domin idan ka gane shi sauran maganar za ta zo maka da sauƙi. Jijiyoyin jini suna da wata lallausar shimfiɗa a cikinsu. Idan jini ya riƙa dukan bangonsu da ƙarfin da ya wuce kima shekara da shekaru, ko gubar hayaƙin taba ta riƙa bi ta cikinsu, ko suga ya yi yawa a jini, sai shimfiɗar ta samu 'yan raunuka, kitsen da ke yawo a jini, musamman nau'in kolestarol da ake kira LDL, ya riƙa kutsawa yana taruwa a ƙarƙashinta. Tarin yana girma sannu a hankali, kuma a jikin mutane da yawa tun suna samari yake farawa. Ranar da ya tsage, jini yakan daskare a kansa ya toshe hanya. Idan jijiyar da ke ciyar da tsokar zuciya ce ta toshe, shi ne bugun zuciya, idan kuma ta ƙwaƙwalwa ce, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka abin da ya zo muku a dare ɗaya, mai yiwuwa ya yi shekara ashirin ko talatin yana haɗuwa a jikin mahaifinka ba tare da kowa ya sani ba. Kai ka sani tun kana da 43, kuma wannan ba ƙaramar rahama ba ce.

Maganar gado gaskiya ce, ba zan ɓoye maka ba. Likitoci suna ɗaukarsa da muhimmanci idan mahaifi ko ɗan uwa namiji ya kamu kafin shekara 55, ko mahaifiya ko 'yar uwa kafin shekara 65, kuma kai ka faɗa cikin wannan rukuni. Amma akwai wani babban bincike mai suna INTERHEART da aka wallafa a 2004, wanda ya duba mutane kusan dubu talatin a ƙasashe 52, ya gano cewa abubuwa tara da ake iya gyarawa, cikinsu har da shan taba, kitsen jini, hawan jini, ciwon suga, tumbi, damuwa, rashin motsa jiki da ƙarancin cin ganyaye da 'ya'yan itatuwa, su ne ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin ɗari na haɗarin bugun zuciya na farko. Abin da na fahimta daga wannan, kuma na gani da idona a wurin aiki, shi ne wanda ya gada ya fi kowa cin ribar gyara, tunda shi ne haɗarinsa ya fi yawa tun asali.

A cikin duk abin da ka lissafa, tabar nan ce ta fi tayar mini da hankali, fiye ma da lambar jinin. Mutane suna zaton idan sun rage kara daga ashirin zuwa biyu, haɗarin ma ya ragu da irin wannan lissafi, amma zuciya ba ta bin wannan lissafin. Wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa a 2018 ya nuna cewa mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da mai shan ashirin yake ɗauke da shi. Wanda kuwa ya daina gaba ɗaya, bayan shekara guda haɗarinsa yakan sauka zuwa kusan rabin na mai sha. Babu wani abinci da zai yi maka wannan aiki cikin shekara ɗaya. Ka gaya wa likitanka kana so ka daina, domin akwai magungunan da ke rage ƙishirwarta.

Game da tsoron magani, ba maganin ne ke sa jiki ya saba har ya kasa rabuwa da shi ba. Aikinsa shi ne ya riƙe jinin a inda ya kamata, sanadin hawan kuwa yana nan, shi ya sa idan aka ajiye shi jinin ke komawa inda ya fito. Na ga waɗanda suka rage nauyi da gishiri har likita ya rage musu magani, na kuma ga waɗanda suka yi duk abin da ya kamata amma jininsu ya ƙi sauka sai da ƙwaya, kuma ba laifinsu ba ne. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ta ce a fara magani idan an tabbatar jini ya kai 140/90 ko ya wuce, tare da gyaran rayuwa. Idan ka koma, ka nemi a duba sugan jininka, da kolestarol, da lafiyar ƙoda da fitsari, kuma ka tabbatar ka faɗa masa shekarun mahaifinka a lokacin da ya rasu.

Asfirin kuwa, don Allah kada ka fara shi da kanka. Yana da amfani ga wanda ya riga ya yi bugun zuciya, amma ga wanda bai yi ba yana iya jawo zubar jini a ciki ko a ƙwaƙwalwa, kuma haɗarin ya fi yawa idan jinin mutum yana sama ba a riga an saukar da shi ba. Ka kuma yi hattara da yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, domin suna ɗaga jini.

Maman Sadiq ta rubuta:

Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Hajiya ta yi bayanin da ba zan iya ƙara komai a kai ba ta fuskar asibiti, ni daga madafa zan yi magana, domin shekara shida ke nan ina girka wa maigidana tun da aka gano yana da hawan jini.

Da aka ce mana a rage gishiri, na rantse ni ba mai yawan gishiri ba ce. Sai na yi wani gwaji da nake ba kowa shawarar ya yi: na rubuta ranar da na buɗe ƙullin gishiri mai nauyin giram 500, na jira in ga ranar da zai ƙare. Kwana goma ya yi mana, mu shida a gida. Wato kowannenmu yana cin fiye da giram takwas a rana daga hannuna kaɗai, ban lissafa dunƙulen ɗanɗano da nake jefawa a miya ba, wanda shi ma kusan rabinsa gishiri ne, ban kuma lissafa burodi da abin da ake ci a waje ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kuwa shi ne babba kada ya kai giram biyar a rana daga dukkan abin da ya ci, wato ƙasa da cokalin shayi guda, yara kuma ƙasa da haka. Ranar jikina ya yi sanyi, domin na gane har 'ya'yana nake raino a kan wannan ɗanɗano.

Kuskuren da na fara yi shi ne na cire gishirin gaba ɗaya rana guda, na kuma ware wa maigida tukunyarsa daban. Bai yi mako ba ya fara barin abincin yana ci a waje, inda gishirin ya ninka nawa. Da na dawo na riƙa ragewa kaɗan-kaɗan a tukunyar kowa da kowa, ina cike gurbin da albasa da tafarnuwa da citta da barkono da ɗan ruwan lemon tsami, babu wanda ya lura. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har ta kai yanzu idan muka ci abincin wani wuri sai mu ji gishirin yana yankar mana baki. Na kuma ɗauke gishiri daga wurin cin abinci, wanda yake son ƙari sai ya tashi ya je ya ɗauko, kuma galibi ba a tashi.

Ka koyi duba bayan leda da gwangwani kafin ka saya. Yawanci sodiyam suke rubutawa, sai ka ninka lambar sau biyu da rabi ka samu yawan gishirin. Taliyar nan da ake dafawa nan take, idan aka juye ƙullin ɗanɗanonta duka, tana iya cinye fiye da rabin abin da aka yarje maka na yini guda. Haka naman da aka sarrafa, da kifin gwangwani, da kayan ƙwalam na leda.

Amma ragewa rabin aikin ne, akwai abin da ake ƙarawa. A Amurka an yi wani gwaji mai suna DASH da aka wallafa a 1997, inda aka ciyar da mutane abinci mai yawan ganyaye da 'ya'yan itatuwa da madara mai ƙarancin kitse, aka rage musu kitsen dabba, kuma cikin mako takwas lambar sama ta awon jinin masu hawan jini, wato ta farko kamar 148 ɗin da aka samu a wurinka, ta sauka da kusan maki 11, wanda ya yi daidai da aikin ƙwayar magani guda. Abin da ake so shi ne giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a rana. Ni ba na aunawa, ina dai tabbatar da cewa rabin faranti ganye ne da kayan lambu, wake yana shiga girki sau uku ko huɗu a mako, kifi yana maye gurbin jan nama a wasu ranakun, hatsi kuma wanda ba a cire masa dusa ba. Ina yanke kitsen nama, ina cire fatar kaza, na rage suya na koma gashi da dafawa, kuma na daina ajiye man da aka yi suya da shi ana maimaitawa har ya yi baƙi. Gyaɗa marar gishiri, cikin tafin hannu guda, ita ce abin taɓawarsa idan yunwa ta taso tsakanin abinci.

Akwai gishirin da ake rage masa sodiyam a haɗa shi da wani sinadari mai suna fotasiyam, wanda aka gwada a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin a kan mutane kusan 21,000, aka wallafa sakamakon a 2021, aka ga shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari. Sai dai bai dace da mai ciwon ƙoda ba, haka ma masu shan wasu magungunan hawan jini, saboda haka ka jira sakamakon gwajin ƙodarka ka tambayi likita tukuna. A wurinka dai, ina ganin babu abin da zai fi saurin yi maka amfani kamar tafiya da abincin rana daga gida, ko da kwana uku ne a mako. Ka zauna da Maman Amira ku karanta wannan tare, domin ludayin a hannunta yake.

Tsohon Direba ya rubuta:

Ɗana, ni ba ni da ilimin waɗannan bayin Allah, amma abin da kake tsoro ya same ni, kuma Allah ya yi da sauran kwanana. Shekara talatin na yi a bayan sitiyari. Ina da shekara 51 aka ce ina da hawan jini, aka ba ni magani, na sha wata biyu, na ji garau, na ajiye shi da hujjar cewa na warke. Shekara bakwai ban sake aunawa ba. Ina da 58, wata safiya ina ɗaura takalmi, sai na ji muƙamuƙina yana ciwo, hannuna na hagu ya yi nauyi, numfashina ya yi gajere, gumi mai sanyi ya karyo mini. Na ce wa uwargida a bari in ɗan kwanta zai wuce, ita kuwa ta ƙi, ta kira maƙwabci aka sa ni a mota. A asibiti aka zura mini wani ɗan ƙaramin bututu mai kama da raga ya buɗe jijiyar da ta toshe, likitan kuma ya ce mini duk mintin da aka ɓata wani yanki ne na tsokar zuciya ke mutuwa, wanda ba ya dawowa. Ka koya wa iyalinka waɗannan alamu, ka kuma gaya musu cewa a jikin mata da masu ciwon suga abin yakan zo da gajiya da tashin zuciya da sarƙewar numfashi, ba lallai da ciwon ƙirji mai tsanani ba. Idan kuma baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, asibiti za a nufa a take.

Likitan da ya duba ni, da ya ji sana'ata, ya ba ni labarin wani likitan Birtaniya mai suna Jeremy Morris, wanda a 1953 ya wallafa binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin bas masu hawa biyu na birnin Landan. Direbobi suna zaune kusan duk yini, kwandastoci kuwa suna hawa da sauka ɗaruruwan matakala suna karɓar kuɗin mota, kuma aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobin, ya kuma fi saurin kashe su. Mota ɗaya, hanya ɗaya, awanni ɗaya, bambancin shi ne wani yana motsi wani yana zaune. Shi kansa Morris bai bar motsa jiki ba har tsufansa, ya kuma kai shekara 99 a duniya. Da na ji wannan labari sai na ga rayuwata ce aka karanto mini, kuma kujerar ofishinka ba ta da maraba da kujerar motata.

Abin da ake nema shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, wato rabin awa sau biyar. Ma'aunin da aka koya mini shi ne ka yi tafiya da saurin da za ka iya yin magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Ni da minti goma na fara, ina tsayawa ina hutawa a hanya, yanzu shekara tara ke nan ina yin minti arba'in kowace safiya, kuma na lura ranar da na yi tafiyar na fi samun barci. A wurin aiki kada ka yi awa guda cur ba ka miƙe ba. Idan kana tafiya ka ji ƙirjinka ya matse ko jiri ya ɗebe ka, ka tsaya, ka je a duba ka kafin ka ci gaba. Maganina kuwa yana kusa da buroshin haƙorina, don kada in sake yin gangancin da na yi a baya.

Abu Hanif ya rubuta:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka wa iyayenmu mata da alheri. Abu biyu nake so in ƙara, sannan in ɗan saɓa wa Hajiya a wuri guda, tare da girmamawa.

An yi maganar gishiri da taba, amma lemon kwalban da Yaya Baban Amira ya ambata bai samu kulawar da ta dace da shi ba. Gwangwani guda na lemo mai zaƙi yana ɗauke da suga kusan giram 35, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babba ita ce kimanin giram 50 a rana, ta kuma ce zai fi kyau a tsaya a 25. Suga a ruwa ba ya ƙosar da mutum, yana dai ƙara masa nauyi, kuma kitsen da ke taruwa a ciki ya fi na ko'ina alaƙa da ciwon suga da hawan jini. Ka ɗauki tef ɗin tela ka auna ƙugunka daidai saitin cibiya, abin da ake so shi ne kada ya kai rabin tsawonka. A ƙiyasi, duk kilo ɗaya da mai ƙiba ya sauke yana rage kusan maki ɗaya daga lambar sama.

Na biyu shi ne abin da Maman Sadiq ta gano a madafarta, cewa tukunyar mutum ɗaya ba ta ɗorewa, an gan shi a matakin ƙasa. A yankin Karelia ta Arewa a ƙasar Finland, inda mutuwar magidanta da ciwon zuciya take cikin mafi yawa a duniya, an fara wani shiri a 1972 ƙarƙashin jagorancin wani matashin likita mai suna Pekka Puska. Sun shiga ƙungiyoyin mata da makarantu da kantuna da masana'antun abinci, aka rage man shanu da gishiri da taba a cikin al'umma baki ɗaya, kuma cikin shekara arba'in mutuwar maza masu shekarun aiki da wannan ciwo ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Jinin mutanen bai canza ba, gadonsu yana nan yadda yake. Saboda haka ina ganin ya kamata ƙannenka da yayyenka su ma su je a auna su.

Inda na saɓa shi ne, tunda lambar ba ta yi nisa da iyaka ba, kuma akwai abubuwa da yawa da zai iya gyarawa, me zai hana a ba shi wata uku ya gwada gyaran rayuwa kaɗai kafin a ɗora shi a kan magani? Na san wasu ƙa'idojin likitoci sun yarda da haka.

Hajiya Nas ta sake rubutawa:

Abu Hanif, maganarka tana da tushe, kuma na ji daɗin yadda ka kawo batun 'yan uwansa. Ƙa'idojin da suka yarda a jira wata uku zuwa shida sun yi hakan ne ga wanda haɗarinsa gaba ɗaya ƙarami ne. Wanda yake shan taba, yake da tumbi, mahaifinsa kuma ya rasu da bugun zuciya yana da 54, ba za a sa shi cikin wannan rukuni da ka ba, sai likita ya haɗa lambar jinin da sakamakon suga da kolestarol da ƙoda ya yanke hukunci. Abin da na fi jin tsoro shi ne wata ukun da ke zama shekara bakwai, kamar yadda Baba Direba ya ba mu labari da bakinsa.

Baban Amira, idan da hali ka samu na'urar awon jini ta damtse, wadda maɗaurinta ya yi daidai da kaurin hannunka, domin ƙaramin maɗauri yana ƙara lamba. Ka zauna shiru minti biyar, bayanka a jingine, ƙafafunka a ƙasa ba a harɗe ba, hannunka a kan tebur daidai saitin zuciya, kuma kada ka sha taba ko kofi rabin awa kafin awon. Ka auna sau biyu da safe, sau biyu da yamma, tsawon mako guda, ka rubuta a takarda ka kai wa likitan.

Baban Amira ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Hajiya, da Maman Sadiq, da Baba, da ƙanena Abu Hanif. Allah ya saka muku da mafificin alheri. Mun karanta komai ni da maiɗakina, kuma ta rubuta kwanan wata a jikin sabon ƙullin gishirin da ta buɗe. Na auna ƙuguna na samu santimita 104, tsawona kuwa 174, saboda haka aiki yana gabana. Yau kwana biyar ban kunna taba ba, kuma lokacin da ta fi damuna shi ne bayan cin abincin rana, sai na mayar da wannan lokacin na fita tattaki na minti goma sha biyar. Asfirin ban taɓa shi ba. An ɗebi jinina jiya, mako mai zuwa zan ga likita da sakamakon da takardar awon, kuma idan ya ce magani, zan karɓa.

Na kira ƙanena mai bi mini, wanda shekarunsa 39, na matsa masa har ya je aka auna shi, aka samu 152/96, shi ma yana cewa ba ya jin komai. Hajiya, da na auna hannuwana biyu na ga na dama ya fi na hagu da maki shida. Wanne ya kamata in riƙa rubutawa a takardar?